Wane suna za mu ba irin jarrabawar SAT da Hausa?

1/ Jama'a, tun da manyan jami'o'in Amurka suka fara dawo da sharaɗin kawo makin SAT ko ACT, jarrabawoyin neman shiga jami'a a can, kowane marubucin Hausa da sunan da yake laƙa wa abin da Turawa ke kira "standardized test". Wani ya ce daidaitacciyar jarrabawa, wani gama-gari, wani bai-ɗaya. Ya kamata mu tsaya a kan guda, domin yaranmu masu neman gurbi a can da iyayensu su gane abin da ake buƙata a wurinsu. Ni dai zaɓina shi ne jarrabawar ma'auni ɗaya, ga kuma dalilaina.

2/ Ga wanda bai bi labarin ba: an fara SAT a 1926, hukumar College Board ke shirya ta, makinta daga 400 zuwa 1600. ACT ta biyo baya a 1959, makinta daga 1 zuwa 36. Da korona ta rufe cibiyoyin jarrabawa a 2020, kusan duk manyan jami'o'i suka ce wanda ya ga dama ya turo makinsa, wanda bai so ba ya bari. Jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin a 2022. A 2024 Dartmouth, Yale, Brown, Harvard da Caltech suka bi sahu. Jami'ar Kalifoniya kuwa ta ce ko an turo makin ba za ta duba ba.

3/ Wasu sun ce a ari "jarrabawar share fage" da muke kiran ta JAMB. Wannan sunan amfanin jarrabawar yake faɗa, bai faɗi irinta ba. Kuma zai ruɗa mutane. Mai jin sunan zai ɗauka akwai makin da in ka haye shi ka shiga. A Harvard ba haka ba ne. Makin SAT takarda ɗaya ce a cikin fayil, tare da sakamakon sakandare, wasiƙun malamai da rubutun ɗalibi game da kansa. A 2024 ba su ɗauki ko kashi 4 cikin 100 na masu nema ba, don haka mai maki 1600 ma ana iya mayar da shi.

4/ "Gama-gari" a bar ta. Kowa ya san kaya gama-gari, abin da ba shi da wata daraja ta musamman.

5/ "Bai-ɗaya" ita ce ta fi ba ni wahalar ƙi, domin tana da daɗin faɗa kuma kunne ya saba da ita. Sai dai Bahaushe in ya ji bai-ɗaya, abin da zai hango shi ne kowa ya zauna rana ɗaya, an raba tambayoyi iri ɗaya. SAT ba ta haka. Ana yin ta sau da yawa a shekara, tambayoyin kowane zama daban. Tun da ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2024 ma, ɗalibai biyu da ke ɗaki ɗaya na iya samun tambayoyi mabambanta: kowane ɓangare, na karatu da rubutu da na lissafi, kashi biyu ne, kuma wahalar kashi na biyu tana bin yadda ka yi a na farko. Abin da ke ɗaya shi ne awon. An tsara lissafin makin ta yadda 1400 na watan Maris zai zama 1400 na watan Oktoba, na Abuja ya zama na Shikago.

6/ Kamar mudu ne a kasuwar hatsi. Geron daga gonaki daban-daban ya fito, amma da mudu ɗaya ake auna wa kowa. Wannan shi ne hujjar jami'o'in da suka dawo da ita: "A" ɗin wannan sakandare ba "A" ɗin waccan ba ce, suna son abin da za su gwada ɗalibai da shi duka. Abin da Dartmouth ta gano ya taɓa ni ƙwarai. A lokacin da turo maki ya zama ganin dama, 'ya'yan talakawa masu maki kamar 1400 sun riƙa ɓoye makinsu don suna ganin bai kai ba, alhali da jami'ar ta gan shi, ta kuma dubi makarantar da suka fito, da ya taimake su.

7/ Saura "daidaitacciya". Wani malami ya ce ita ce ta fi kusa da Turancin. Haka ne, Malam, amma ka saurari abin da ke cikinta: daidaito, wato ƙamshin adalci. To kan adalcin nan ne Amurkawa ke ta jayayya. Masu suka na cewa ɗan mai hali yana biyan kuɗin darasi na musamman, ya sake zama sau biyu sau uku har maki ya tashi, kuma an daɗe da ganin maki yana tafiya da arzikin gida. Bai kamata sunan da muka raɗa ya yanke hukuncin da ba a gama shari'arsa ba. "Ma'auni ɗaya" iyakarta ta ce awon ɗaya ne. Mai goyon baya da mai suka duk za su iya amfani da ita ba tare da an sa musu magana a baki ba.

8/ Tana kuma karɓar sauran jarrabawa irinta: ta JAMB, ta WAEC, da Gaokao ta ƙasar Sin.

9/ Tsare-tsaren jami'o'in ma suna son suna, ga abin da nake ba da shawara. Inda sai da maki, tsarin dole. Inda ɗalibi ke da zaɓi, tsarin ganin dama. Inda ba a dubawa sam, tsarin kau da kai. A jimla sai mu ce: "MIT ta bar tsarin ganin dama ta koma tsarin dole a kan jarrabawar ma'auni ɗaya, Kalifoniya kuwa tana kan tsarin kau da kai."

10/ 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, da na zangon Kumasi, ku faɗa mana ko "ma'auni" ta zauna a kunnenku, ko "magwaji" kuka fi ji a irin wannan wuri. Malaman makaranta da ma'aikatan rediyo musamman, ku gwada ta a baki ku dawo mana da abin da kuka ji.