An ce in sa hannu a gwada wa yarona sabon magani

Maman Yasir, Jidda: Salamu alaikum. Yarona shekararsa 5, yana da tawahhud, wato autism, har yau kalmominsa ba su kai goma ba. Likitarsa ta ce ana wani bincike na wata shida, kyauta. Sai dai rabin yaran ƙwayar da ba komai a cikinta za a ba su, ita kanta ba za ta san wa aka ba wanne ba. Ga ɗibar jini duk wata. Babansa ya bar min wuƙa da nama. Akwai wanda ya taɓa shiga?

Hajiya Babba, Shara Mansur: 'Yata, nonon raƙumi da zamzam. Jikana har ya fara kallon ido.

Baban Hanan: Kar ki soma. Ni na ba 'yata bumetanide, maganin sa fitsari ne da aka yi ta yayatawa wai yana taimakon irin yaranmu. Sati uku katifa ba ta bushe ba, kullum tana jingine a rufin gida. Yarinyar da ba ta iya cewa tana jin ƙishi! Ranar da ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, a mustashfa, wato asibiti, aka ce sinadarin potasiyom na jininta ya faɗi. Daga baya na ji tun 2021 aka dakatar da babban gwajinsa saboda ba a ga amfani ba. Uwarta har yau ba ta yafe min ba.

Ummu Rayyan: Allah ya ba ta lafiya. Amma Baban Hanan, kai da kanka ka saya, ba bincike ka shiga ba. Ni nas ce. Gwaji a nan Saudiyya sai da izinin hukumar abinci da magunguna, ana duba jinin ne don irin abin da ya same ku, kuma duk ranar da uwa ta ce ta fasa, ta fasa.

Baban Hanan: Kina da yaro mai wannan lalurar? In babu, bar mu da muke kwana a zaune mu yi magana. Na Kano a 1996 lokacin sanƙarau, shi ma gwaji aka kira shi.

Ɗan Karantina: Nonon raƙumin nan na sha kofi ɗaya, wallahi har magariba ni da banɗaki muke.

Maman Sultan: Kuɗin da ake kashewa a magunguna ya fi kyau a kai wa mai koyar da magana. Jalsa, wato zama ɗaya, riyal 150 nake biya.

Baban Hanan: A ina? Ni 300 aka ce min.

Maman Sultan: Gida take zuwa. Matsalar tamin ɗinmu, wato inshorar lafiya, ya ƙi biya, ga riyal 400 na iƙamar kowane yaro, wato izinin zama, duk wata. Yara huɗu, ku lissafa.

Hajiya Babba: Ai ku kuna da iƙamar ma.

Maman Yasir: Jama'a, maganar ɗibar jinin fa? Yaron ko aski sai mutum uku sun riƙe shi. Lahadi za mu koma, takardar na cikin jakata.