Biskit ɗin de Chirico: mafarki ne ko kayan kanti?

Nasiru: Jama'a, ni fa na gaji da masu cewa ɗakunan da mai zanen nan ɗan Italiya, Giorgio de Chirico, ya zana mafarki ne. Biskit manne a allo, taswira, rula da guntayen katako a jibge, duk kayan garin Ferrara ne a Italiya. Can aka kai shi aikin soja a 1915, kuma shi da kansa ya rubuta cewa shagunan tsohuwar unguwar Yahudawa, masu biskit da alewa iri-iri, su suka ɗauki hankalinsa.

Malama Rabi: Haba Nasiru, kayan mafarki daga sama suke faɗowa? Ai abin da ido ya gani da rana ne ke dawowa da dare a birkice. Dubi zanen nan na 1916 mai masana'anta a cikin firam. Ƙasan ɗakin a karkace, kai ka ce kaya za su gangaro maka, amma hoton masana'antar ya fi ɗakin kansa kama da gaskiya. A wane kanti ka taɓa ganin haka?

Kabiru: Malama, ki ƙara da rulolin. Mahaifinsa injiniyan layin dogo ne a Girka, ya rasu a 1905. Ni kewar uba nake gani a wurin.

Nasiru: To biskit ɗin kuma kewar wa, Malam Kabiru? Da wannan salon kowa sai ya zama mai fassarar mafarki.

Baba Idi: Ku dakata yara. André Breton, marubuci ɗan Faransa, da mutanensa na Faris ne suka fi yayata zancen mafarki bayan 1924, kuma ba a jima ba suka ɓata da de Chirico. Abin da shi mai zanen ya bayar daban ne: yana zaune a dandalin Santa Croce a Florence, a 1910, bai daɗe da tashi daga ciwon ciki ba, sai ya ga komai kamar bai taɓa ganinsa ba. Idonsa biyu.

Nasiru: Allah ya ƙara girma, Baba.

Malama Rabi: Kada ka yi saurin murna. Baba, ai ka ce daga jinya ya tashi. A 1917 ma a asibitin soja na masu larurar jijiya ya zauna tare da wani mai zane, Carlo Carrà, suna zane. Wanda zazzaɓi ya taɓa kayarwa ya san yadda rufin ɗaki ke sauya kama ido biyu.

Kabiru: Har yanzu dai ba wanda ya ce komai kan rulata.