Allurar rage ƙiba na cin tsoka: abin da aka tattauna a majalisarmu

Daren jiya bayan isha'i, hirar majalisarmu ta Tudun Wada ta karkata kan Ozempic da Mounjaro, alluran nan na ciwon suga da rage ƙiba da ake yi sau ɗaya a mako. Wani dattijo mai ciwon suga da ke yin allurar ya ce tumbinsa ya zube, amma yanzu sai ya dafa ƙasa yake iya miƙewa daga tabarma.

Ma'aikacin jinyar da ke cikinmu ya ce allurar tana kashe sha'awar abinci ne, jiki kuwa in bai samu isasshe ba, har tsoka yake ci. Abin ya fi tsanani ga tsofaffi: ƙafa ta rasa ƙarfi, a faɗi a karye. In kuma aka daina allurar, yawanci ƙibar na dawowa, galibi kitse.

Shawarar da aka fi nanatawa don kare tsoka ita ce, ɗan abin da za a ci a fara da wake, ƙwai, kifi, awara ko nono kafin tuwo. Mai ciwon ƙoda dai ya tambayi likita tukuna. Tafiya kaɗai ba ta wadatar (nan wasu suka yi gardama). A riƙa ɗaga abu mai nauyi, ko jarkar ruwa ce, sau 2 ko 3 a mako.

Ni abin da ya fi damuna shi ne masu sayen allurar a hannun 'yan kasuwa ba tare da sun ga likita a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ko wani asibiti ba.