Tsohuwar kyamarar fim ta dawo hannuna: me kuka gani da kuka farfaɗo da taku?

Mai Pentax K1000: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kyamarar mahaifina ce, ta fi shekara ashirin a akwati. Na ɗana, na danna, ta amsa kamar jiya aka ajiye ta. Amma da na buɗe murfin baya sai wani baƙin abu ya manne mini a yatsa kamar kwalta. Ban sa mata fim ba tukuna.

Mai Olympus OM-1: Wa alaikumus salam. Kada ka sa, Malam. Soson da ke tare haske ne ya narke. Ni na raina shi, na ɗauki hoto 36 cif, da aka wanko fim ɗin kowane hoto da jan zane daga sama har ƙasa, har da wanda ya ratsa fuskar 'yata. Sai da na zauna dare uku da tsinken sakace da sifirit ina kankare kwararon murfin kaɗan-kaɗan, sannan na yanka sabon soso na liƙa. Inda haske ya fi satar shiga shi ne wajen maratayin murfin. Ka duba soson da madubin cikin kyamara ke buga idan ya ɗaga, shi ma yana narkewa, kuma kada ka bar ɓarɓashinsa ya taɓa farantin saita hoto, ba ya goguwa.

Batun batir kuwa ka huta. Tawa da batirin makuri mai bolt 1.35 aka ƙera ta, an daina yin sa, na yanzu mai 1.5 kuma yana sa mitar haske ta yi ƙarya. Da batirin na'urar taimaka wa ji nake lallaɓawa, ga shi ba ya daɗewa. Taka LR44 take ci, mita kaɗai yake yi wa aiki, shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya kai ga fim, ba ruwanta da shi.

Mai Canon AE-1: Tawa idan ba batir mai bolt 6 ko motsi ba ta yi. Kuma tana da tarin nan da aka san su da shi, kana dannawa ta yi ƙiii, man da ke gefen madubi ne ya bushe. Ganganci ya kai ni na fesa mata man kwance noti. Ƙarar ta ɗauke, bayan sati biyu mai ya malale ko'ina, shota ta fara maƙalewa. Mai gyara ya kalle ni kawai ya girgiza kai. Ɗigo guda ake sawa da bakin allura, a wuri guda.

Mai Zenit: Cire lensi, buɗe baya, haska tocila ta gaba cikin duhu. Labulen shota na yadi ne, in akwai huji za ka gan shi kamar tauraro. Na samu biyu a tawa.

Mai Minolta: Yayana, nawa ba gyara ba ne, abin kunya ne. Na yini ina ɗauka, lamba ta wuce 36 tana ta tafiya, ashe bakin fim bai kama ba tun farko. Yanzu duk ɗanawa idona na kan maɗaurin mayar da fim na hagu: in bai juya ba, fim ba ya tafiya. Naɗin gwaji kuma na kan rubuta saurin shota da buɗin lensi na kowane hoto a takarda. Rana tsaka, buɗin lensi f/16 da saurin shota 1/125 na daƙiƙa a fim mai ISO 100 (ma'aunin yadda fim ke karɓar haske), in kwatanta da abin da mita ta ce.

Mai Pentax K1000: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na haska labulen, ba huji. Daga 1/1000 zuwa 1/30 ƙarar na bambanta daidai a kunnena, amma a daƙiƙa ɗaya tana jan ƙafa, na ƙirga kusan biyu kafin ta rufe. Na danna ta sau talatin, ta ɗan sake. Yau zan fara kankare soson, in aka wanko naɗin farko zan kawo muku ku gani.