Na tsaya saboda ruwan sama, Alhaji ya karɓe makulli

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. A taimaka min da shawara, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Shekara shida ina jan tirelar wani Alhaji. Kawun matata ne ya haɗa mu tun ina yaron mota. Ranar bikina buhun shinkafa biyu Alhajin ya aiko, da mahaifiyata ta kwanta asibiti ma ya yi ɗawainiya, ba zan ɓoye alherinsa ba. To makon jiya na yi lodin albasa zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Mun wuce Bida da la'asar, kafin mu kai Mokwa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Waifa ɗaya ke aiki, tayoyin baya biyu sun suɗe, kuma na sha faɗa masa. Na samu gefe na yi fakin. Ya kira ya ce in tashi, na ce ko hancin motar ba na gani. Da na dawo Kano ya karɓe makulli, ya ce albasa ta yi asara, kuɗin tafiyar ma ba zai ba ni ba. Ina da haƙƙi a doka, ko in haƙura?

Tsohon Direba: Ƙanena, na tsufa a kan sitiyari, saurare ni. Tsayawar da ka yi daidai ce. Bakinka ne ya ja maka. Ba a ce wa mai mota "ruwa ya hana ni". Cewa ake yi birki ya riƙe, ko inji ya yi zafi. Da ya ji maganar gyara shi da kansa zai ce ka kwana. Wannan hanyar kuwa na san ta kamar yunwar cikina. A 2017 ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba, muka yi kwanaki a layi. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 ta ci mutum sama da 150. Zancen doka ka ajiye shi. Ka ɗauki kawun nan ku je ku ba shi haƙuri.

Ɗan Ƙungiya: Baba, da girmanka, ƙarya kake koya masa? Malam, sashe na 11 na dokar ƙwadago ya ce wanda ya kai shekara biyar a aiki, sai an ba shi notis na wata ɗaya kafin sallama. Kotun ma'aikata tana da reshe a Kano. Amma fara kai ƙorafi wurin shugabannin ƙungiya a tasharku. Kana da takardar ɗaukar aiki?

Mai tambaya: Babu takarda. Mutumin da ya riƙe ni kamar ɗansa zan ce wa ya rubuta min takarda? Kuma ni ba na son kotu, tsakaninmu akwai surukuta.

Maman Yara: Ku dai ku gode wa Allah ya dawo da ransa. Maigidana tanka yake ja, cikin hazon hunturu aka matsa masa sai ya kai mai kafin asuba. Yanzu da sanda yake tafiya. Masu motar sau ɗaya suka leƙo asibiti, da lemo. Ƙungiyar da kuke ta ambato kuɗin tikiti kawai suka iya karɓa.

Na Ƙetare: Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Nan Amurka tun 1982 akwai dokar da ta hana korar direba don ya ƙi tuƙi a yanayi mai haɗari. Kwana 180 gare ka ka kai ƙara hukumar OSHA mai kula da kariya da lafiyar ma'aikata, in ka yi nasara a mayar da kai aiki a biya ka albashin baya.

Tsohon Direba: To sai ya kai ƙarar Alhaji Amurka. Na faɗa na ƙara, kawu ne maganin wannan magana. Wanda ya kai mai mota kotu, wa zai sake ba shi makulli a garin nan? Duk sun san juna.

Mai Mota Biyu: Ni ban gane wani abu ba. Albasa ba tumatir ba ce, dare ɗaya ba ya lalata ta. Kwana nawa ka yi a tsaye? Kuma ina tampol? Mu ma a riƙa jin ta bakinmu, dizal kaɗai ya ishe mu kuka, ga mai kaya yana kira kamar zai fasa waya.

Mai tambaya: Kwana biyu ne. Amma washegari gosulo ne ya rufe hanya, wata tirela ta faɗi a gaba, ba ni kaɗai ba ne. Tampol kuma tun bara ya yage, Alhaji ya sani. Yaron motata shaida ne.

Ɗan Ƙungiya: Yaron yana ina yanzu?

Mai tambaya: Shi aka ba motar.

Tsohon Direba: Ka ji ko? Je ka nemo kawu tun yau.

Mai tambaya: Kawun ai na kira shi sau biyu bai ɗauka ba. Kuma ni ban ga laifin da na yi da zan ba da haƙuri ba. Wanda ya san inda ake neman direba, ko na tirelar DAF ko Howo, ya yi min magana. Lasisina bai mutu ba.