Waɗanda aka taɓa yi wa gwajin PCR na cutar hapis, ku zo ku ba mu labari

Ummu Sadik: Assalamu alaikum. Ƙuraje masu ruwa ne ke fito min a gaba, su fashe, su warke, a jima su dawo. Na yi gwajin jini an ce IgM, wani sinadarin garkuwar jiki da ake aunawa a jini, ya nuna hapis. Likitar da na kai wa takardar ta ture ta gefe, ta ce in dawo ranar da suka fito sabbi, za a dangwali ruwansu a yi PCR, gwajin da ke neman ita kanta ƙwayar cutar. Kuɗin jinin ya tafi a banza ke nan?

Maman Ilham: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, bi maganar likitarki. Ni ma IgM ɗin nan ya hana ni barci, har muka yi cacar baki da maigida. Da aka yi PCR sai ga nau'i na 1, mai fitowa a leɓe in an yi zazzaɓi, wanda kusan kashi biyu cikin uku na 'yan ƙasa da shekara 50 a duniya ke ɗauke da shi. Ki je tun ƙurjin yana da ruwa. Fasa shi ake yi a murza auduga a gindinsa, da zafi kam, amma nan da nan an gama.

Ɗan Lab: Hajiya, jini tarihi yake bayarwa, cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, IgG ma, ɗan'uwan IgM da ake aunawa a jini, kan kai mako 12 bai bayyana ba. PCR kuwa ita kanta ƙwayar yake nema a wurin da take. Abin da ke ɓata min rai a aiki, a kawo auduga a bushe cikin ambulan, ta sha rana a Keke Napep, babu ruwan da ake tsoma ta, babu ƙanƙara. In sakamako ya fito babu komai, mu ake zagi.

Abu Hanif: Namu ya fi wannan tsanani. Ƙanena ne ya kama zazzaɓi, ya fara sambatu, bai gane mahaifiyarmu ba, sai jijjiga. A gida wasu suka ce iska ce, a asibiti aka fara da maganin maleriya da na sanƙarau. Wani likita ya ɗebi ruwan ƙashin baya, kuma bai jira sakamako ba ya sa masa acyclovir, maganin hapis, ta jijiya. Gwajin farko bai nuna komai ba. Muka ce a cire maganin tunda tsada gare shi, ya ƙi, ya ce a kwana 3 na farko PCR na iya kuskure ƙwayar hapis ɗin. Aka sake ɗiban ruwan, sai ga ta. Yaron ya tashi, alhamdulillahi, sai dai mantuwa har yanzu tana damunsa.

Inna Ungozoma: Allah ya ƙara masa lafiya, Malam. Nawa na CMV ne, wata ƙwayar cuta 'yar gida ɗaya da hapis. Jikata ba ya ji da kunne ɗaya, ba mu lura ba sai da ya fara tafiya. Aka ce mana da an gwada fitsarinsa ko yawunsa cikin kwana 21 da haihuwa, da an san ko da ita aka haife shi. Bayan nan ba a bambancewa, don yaro kan ɗauka ta nono.

Ummu Sadik: Na gode ƙwarai. Malam Ɗan Lab, in na riga na fara shan maganin fa, gwajin zai nuna?

Ɗan Lab: Yana iya nunawa, amma ƙwayar na raguwa. A fara ɗaukar samfurin, sannan ki sha.