Abin da aka tattauna kan maganin damuwa da fargaba

Jama'a, zancen ya yi tsawo, shi ya sa na tattaro muku shi wuri guda.

1. Kusan kowa ya ce makonnin farko na shan maganin su ne masu wuya: tashin zuciya, ciwon kai, barci ya rikice. Sauƙin kuma ba ya zuwa sai bayan mako 2 zuwa 4, wani ma 6. A daure.

2. Kada a yanke magani dare ɗaya. Wata ta ce ta bari da ta ji garau, kwana uku jiri ya hana ta ko ɗora tukunya. Likita ne ke ragewa sannu-sannu, kuma galibi sai an ƙara wata 6 bayan samun sauƙi.

3. Masu shan amitriptyline, ɗaya daga cikin magungunan damuwa, na kukan bushewar baki da nauyin jiki da safe. Da dare ake shansa, kuma a zafin Afrilu na Yamai a riƙa shan ruwa sosai.

4. Tramol da maganin 'yan talla: kowa ya ce a'a. Haɗa Tramol da fluoxetine, wani maganin damuwa, haɗari ne babba.

Inda aka rabu: azumi. Wasu sun mayar da shan magani lokacin sahur, wasu bayan buɗa-baki. Ni dai ina ganin a tambayi likita tun cikin Sha'aban. Haka batun sanar da dangi, wasu na tsoron a ce musu mahaukata, wasu sun ce uwa ko miji ne ya riƙe su.

Wanda tunanin kashe kansa ya zo masa, don Allah ya tafi asibiti ran nan, kada ya jira ranar ganin likita da aka ba shi.